Sabar da ta ci kowane gwaji amma tana mutuwa da tsakar dare

Sabar da ake magana a kanta, wato kwamfutar da ke yi wa wasu na'urori hidima, irin wadda ake jerawa a rak ce mai kaurin 2U, tana da furosesa biyu na Intel Xeon Scalable a kan soket LGA3647. Kowace furosesa tana da layukan memori shida, an sa wa kowane layi sandar memori ta DDR4 guda ɗaya mai gigabait 32 da ECC, tsarin da ke gano kurakuran memori yana gyara ƙananansu. Sanduna 12 ke nan, gigabait 384. Akwai faifai takwas na SATA masu terabait 4 a haɗin RAID 6, wanda ke haɗa faifai su zama ma'aji ɗaya mai jure lalacewar wasunsu, da akwatunan wuta biyu. Linux ce a kanta, aikinta kuma ɗaya ne tak, riƙe rumbun bayanai na PostgreSQL.

Cikin mako biyar ta mutu ta tashi da kanta sau uku, duk tsakanin ƙarfe biyu da uku na dare. Da safe sai a tarar tana aiki sumul, in ban da kwafin ajiya na daren da ya tsaya a rabi. Da aka duba rajistar kanel, wato zuciyar Linux, ta tashin da ya gabata da `journalctl -k -b -1`, ba a ga ko layi ɗaya na ƙorafi ba. Rubutu yana tafiya lafiya, sai kawai ya yanke. An kunna kdump, mai ajiye bayanin abin da ya faru idan kanel ya faɗi, tun farko, amma bai ajiye komai ba.

Wanda ya fara duba ta ya yi abin da kusan kowa zai yi. Ya sake kunna ta, ya shiga shirin gwajin kayan aiki da kamfanin ya dasa a cikin allo, ya bar shi ya zagaya furosesa da memori da faifai da fankoki. Bayan kamar minti ashirin komai ya fito kore. Daga nan aka juya wa manhaja, aka yi kwana goma ana zargin sabuntawar kanel da saitunan PostgreSQL, har sabar ta sake faɗuwa karo na uku.

Gwajin bai yi ƙarya ba. Ya amsa tambayar da aka yi masa ne: shin waɗannan kayan suna aiki yanzu, a sanyaye, ba nauyi a kansu? Suna aiki. Tambayar da ake neman amsarta daban ce, wato me ke faruwa da su bayan sun yi minti talatin suna aiki da dukan ƙarfinsu.

Kafin a kwance ko noti ɗaya

Zagaye na biyu na binciken ya fara da abubuwa uku. An ɗauki sabon kwafin ajiya da rana, aka gwada mayar da shi a wata na'ura don a tabbatar yana buɗuwa. An kwashe duk rajistoci zuwa waje. Sannan aka hana kowa sabunta BIOS ko famwaya, wato manhajar da ke dashe a jikin kayan, duk da cewa akwai sabon fitowa. Sabuntawa takan share ƙidayar kurakurai, takan kuma canza yawan kuskuren da ake jira kafin a rubuta gargaɗi. In aka yi ta kafin a gano cutar, alamun suna iya ɓuya a zaci an warke.

Inda ya kamata a fara dubawa tun ranar farko shi ne BMC, ƙaramar kwamfutar da ke zaune a kan babban allo tana gadin babbar. Tana da furosesarta da hanyar sadarwarta, kuma tana raye muddin wayar wuta tana jone, ko da sabar a kashe take. Dell na kiran tasu iDRAC, HPE na kiran tasu iLO, Lenovo kuma XClarity, amma kusan dukansu suna jin yaren IPMI ko Redfish. Idan Linux ta mutu farat ɗaya ba ta da damar rubuta abin da ya kashe ta. BMC tana kallo daga gefe, ita ke rubutawa.

Umarnin `ipmitool sel elist` ya fitar da kundin abubuwan da suka faru. Da farko lokutan da ke ciki ba su dace da lokutan faɗuwar ba, har aka kusa cewa ba su da alaƙa. Sai `ipmitool sel time get` ya nuna agogon BMC yana baya da minti 47, domin ba a taɓa haɗa shi da NTP, tsarin daidaita agogo ta hanyar sadarwa, ba. Da aka ƙara minti 47 a kan kowane layi, sai komai ya zauna daram. A kowane dare cikin ukun akwai gargaɗin cewa kurakuran ECC masu gyaruwa sun haura iyaka a gurbin B4, wato gurbi na huɗu na furosesa ta biyu. Bayan wasu mintuna sai kuskuren da ba ya gyaruwa a wannan gurbin dai, daga nan sai layin da ke nuna na'ura ta sake tashi. Akwai kuma wasu darare bakwai da gargaɗin farko ya fito shi kaɗai, sabar ta tsallake.

Wuta, zafi da faifai

Samun shaida a kan memori ba ya wanke sauran kayan, domin wutar da ba ta tsaya daidai ba ko zafi mai yawa duk suna iya bayyana da fuskar kuskuren memori. Wuta ba ta ɗauki lokaci ba. Babu layin yankewar wuta a kundin, `ipmitool chassis status` bai nuna komai ba, `ipmitool sensor` kuma ya nuna layin bolt 12 yana zaune tsakanin 12.0 da 12.2. An dai tarar wayoyin akwatunan wutar biyu a jone suke a mararraba ɗaya, abin da ya mayar da amfanin samun biyu banza. Aka raba su, aka wuce.

A ɓangaren zafi, iskar da ke shiga ta gaba tana kan digiri 23 a ma'aunin Selshiyos, cikin 18 zuwa 27 da ƙungiyar ASHRAE ta ba da shawara ga ɗakunan saba. Fankoki shida duk suna juyawa daidai, murfin robar da ke bi da iska ta kan sanduna yana wurinsa. Tarihin na'urar sa ido ya nuna a lokacin kwafin dare furosesa ta ɗaya tana kaiwa 71, ta biyu kuma 83. Da yake 83 bai kai inda furosesar ke fara rage gudu ba, babu ƙararrawar da ta taɓa bugawa, aka rubuta lambar aka ci gaba. Nan aka yi sake. A wannan sabar furosesa biyun gefe da gefe suke, iska ɗaya suke sha, aiki kusan ɗaya suke yi. Tazarar digiri biyu ko uku ba komai ba ce. Tazarar 12 kuwa ruwa ne da ba ya tsami banza.

Faifai sun ɗan ja hankali. Da yake suna bayan katin RAID, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da `smartctl -a -d megaraid,N`, ana canza N da lambar kowane faifai. Duk takwas sun ce PASSED. Wannan kalmar ba ta da nauyin da mutane ke ba ta, domin ba ta juyawa sai wani ma'auni ya faɗi ƙasa da iyakar da kamfanin faifan ya sa, iyakar kuma takan yi nisa. Ainihin labarin yana cikin ɗanyun lambobin SMART, wato ƙidayar lafiya da faifai ke riƙe wa kansa. Na 5 yana ƙirga sassan da suka lalace aka kauce musu, na 197 waɗanda suka ƙi karantuwa ana jiran a ga makomarsu, na 198 waɗanda ba su gyaru ba, na 187 kurakuran da faifan ya kasa gyarawa, na 188 umarnin da ya wuce lokacinsa. Waɗannan biyar su ne kamfanin Backblaze ya daɗe yana cewa da su yake yanke shawarar cire faifai. Na 199 daban yake, shi yawanci waya ko mahaɗi yake nunawa, ba faifan kansa ba.

Faifai na shida yana da 24 a lamba 5 da 8 a lamba 197. An sa masa dogon gwaji da `smartctl -t long`, wanda a faifan terabait 4 yakan ci kusan awa takwas, ya tsaya da kuskuren karatu. Wannan faifan canji yake so, babu musu. Binciken da injiniyoyin Google suka fitar a 2007 ya nuna faifan da ya yi kuskuren karatun farfajiya na farko ya fi wanda bai yi ba yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Wannan binciken dai ya nuna sama da kashi 36 cikin ɗari na faifan da suka mutu ba su nuna alamar SMART ko ɗaya ba. Watau lamba mara kyau abin gaskatawa ce, lamba mai kyau kuma ba shaidar lafiya ba ce.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Faifai ɗaya mai rauni a RAID 6 yana jawo jinkiri, yana cika rajista da ƙorafi, a ƙarshe katin ya fitar da shi daga haɗin. Ba ya kashe na'ura shiru. An yanke shawarar a bar shi tukuna. RAID 6 yana jure rashin faifai biyu, sake gina terabait 4 kuma aiki ne na awanni masu yawa da ba a so a yi shi a kan na'urar da ke iya faɗuwa a tsakiya.

Sandar da aka canza a banza

Kundin ya ce B4, don haka aka zare sandar B4 aka sa sabuwa mai lambar ƙira iri ɗaya. Matakin ba laifi ba ne. Mafi yawan lokuta sandar ce, kuma binciken Bianca Schroeder da abokan aikinta na 2009 a kan sabobin Google ya nuna sama da kashi 8 cikin ɗari na sanduna suna samun kuskure a shekara, akasari daga lalacewar da ta zauna a jikin kaya, ba daga tsautsayi mai wucewa ba. Kafin a mayar da sabar bakin aiki an bar shirin gwajin memori Memtest86+ ya yi zagaye huɗu a kan gigabait 384, abin da ya ci fiye da yini guda. Bai ga kuskure ko ɗaya ba.

Dalilai biyu suka sa wannan sifilin ba shi da ƙima. Na farko, ECC yana gyara kuskure kafin bayanin ya isa ga shirin gwajin. A kowane ɗauka bit 72 ke tafiya, 64 na bayani da 8 na tantancewa. Shirin ya rubuta abu, ya karanta, ya ga daidai, alhali a tsakani an yi gyara bai sani ba. In shirin bai iya karanta ƙidayar ECC ta wannan furosesar ba, to makaho ne ga duk kuskure mai gyaruwa. Na biyu, irin wannan gwajin yana wahalar da memori amma bai cika ɗora wa furosesa irin lissafin da ke kai ta ƙololuwar zafi ba. A duk tsawon gwajin furosesa ta biyu ba ta haura 66 ba.

An yi kwana tara shiru. A dare na goma gargaɗin ya dawo, a B4, a kan sabuwar sanda. Shirun ma yana da bayani. Famwayar sabobi da yawa ba ta rubuta kowane kuskure mai gyaruwa. Tana tara su kamar ruwa a bokiti mai ɗigo, ba ta magana sai bokitin ya cika, kuma canjin sanda da kashe wuta sun zubar da abin da ya taru. Kurakuran ba su tafi ko'ina ba, an dai kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

A jawo cutar da rana tsaka

Ba a gyara abin da sai an yi jiran kwana goma kafin a san ko gyaran ya ci. Dole a iya tayar da matsalar da gangan cikin awa ɗaya ko biyu. Aka mayar da rumbun bayanan kan sabar ko-ta-kwana, wannan ta zama ta gwaji zalla.

Abu na farko shi ne a sa Linux ta riƙa ganin kowane kuskure. A saitin da sabar ta zo da shi, famwaya ce ke karɓe kurakurai masu gyaruwa tana ɓoye wa kanel, shi ya sa rajistar take fes. An canza wannan a BIOS, aka sa rasdaemon mai ƙirga kurakuran kayan aiki, aka tabbatar `ras-mc-ctl --summary` yana aiki. Akwai ɗan tarko a nan: sunan da Linux ke ba sanda, lambar mai kula da memori da lambar layi, ba shi ne sunan da aka buga a jikin allo ba. Sai an haɗa shi da abin da `dmidecode -t memory` ya nuna, a rubuta taswirar a takarda da lambar siriyal ɗin kowace sanda. Mutane da dama sun zare sanda mai lafiya saboda tsallake wannan matakin.

Na biyu, a kwaikwayi abin da ke faruwa da dare. Kwafin ajiya yana fitar da dukan rumbun yana matse shi a kan duk ƙwayoyin furosesa lokaci guda, wato lissafi mai zafi da zirga-zirgar memori tare. An yi amfani da stress-ng, shirin ɗora wa na'ura nauyi, rabin ma'aikatansa suna lissafin matris, rabi suna rubutu da karatu a memori da `--verify`. An ɗaure shi da `numactl --cpunodebind=1 --membind=1` don nauyin ya faɗa kan furosesa ta biyu da sandunanta shida kawai, aka duba `numastat` aka ga lallai ya kama kusan gigabait 160 cikin 192 na wannan ɓangaren. A gefe ana rubuta zafi kowane daƙiƙa goma.

Minti 25 na farko ba komai. Da furosesa ta biyu ta haura 78 sai ƙidayar ta fara motsi, ɗaya, huɗu, goma sha, kafin awa ta cika ta wuce ɗari uku. Aka tsayar da gwajin, zafi ya sauka, ƙidayar ta tsaya cak. An maimaita sau biyu, sakamako iri ɗaya. Da aka juya nauyin kan furosesa ta ɗaya na awa biyu, ko ɗaya ba a gani ba.

Yanzu da kurakuran suke a hannu, siffarsu ta fi yawansu amfani. Sandar gigabait 32 irin wannan tana da ƙwayoyin memori 36 a sahu biyu, 18 a kowane sahu, kowace ƙwaya tana ba da bit huɗu. Idan ɗaki ɗaya ne ya lalace a cikin ƙwaya, adireshi ɗaya zai yi ta dawowa. Idan jere ne ko banki, adireshin za su taru wuri guda. Idan ƙwaya guda ce ta mutu, kurakuran za su tsaya a sahunta. A nan adireshin a warwatse suke ko'ina, a sahu biyun duka, amma kusan kullum bit ɗin da ke juyewa a matsayi ɗaya yake. Abin da sahu biyu suka yi tarayya a kai shi ne wayar da bayanin ke bi, daga haƙoran sanda zuwa gurbi, ta zanen tagulla na cikin allo, ta alluran soket, har cikin furosesa. Jefi-jefi kuma, idan zafi ya kai 82, wani bit na biyu daga wata ƙwaya daban yakan shigo.

Wannan na biyun shi ya bayyana mutuwar. ECC na irin waɗannan sabobin yana iya gyara duk abin da ya lalace a cikin ƙwaya ɗaya. Amma in ƙwayoyi biyu daban suka yi kuskure a ɗauka guda, sai dai ya gane, ba zai iya gyarawa ba, na'ura kuma ta gwammace ta tsaya da ta ci gaba da bayanin da ba ta yarda da shi ba. Haɗuwar biyun a lokaci ɗaya ba kullum ba ce. Shi ya sa darare bakwai aka tsira, uku aka faɗi.

Sai gwajin musaya, wanda da an yi shi tun farko da an huta da sayen sanda. Aka kashe sabar, aka zare wayoyin wuta biyun, aka danna maɓallin kunnawa na wasu daƙiƙu don ragowar wuta ta fita, aka ɗaura madaurin hannu mai sauke wutar jiki. Sandar B4 ta koma A4, gurbi na huɗu na furosesa ta ɗaya, ta A4 ta koma B4, ba a taɓa komai ba bayan wannan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye, in ba haka ba ko an dace ba za a san me ya yi maganin ba. Bayan minti 27 kurakurai suka dawo a B4. Sanda ta fita daga zargi. Saura gurbi, allo, soket ko furosesa.

Abin da ke ƙarƙashin ƙarfen sanyaya

An haska gurbin B4 da tocila da gilashin ƙara girma, aka busa shi da iskar gwangwani. Babu ƙura, babu haƙorin da ya lanƙwashe, maƙallan gefe biyu suna kamawa. Gwaji ya sake fitar da kuskure. A nan ne aka koma kan tazarar digiri 12, aka kuma buɗe littafin gyare-gyaren sabar. Ashe da furosesa ɗaya aka saye ta. Wata huɗu kafin faɗuwar farko aka ƙara ta biyu da sanduna shida.

Soket LGA3647 ba shi da hannun ƙarfen da ke danne furosesa kamar na kwamfutar tebur. Furosesa ana maƙala ta a wani firam na roba, firam ɗin a maƙala shi a jikin ƙarfen sanyaya, sannan a kifa su tare a kan soket. Notunan ƙarfen sanyayan su ne kaɗai ke danna furosesa a kan allurai 3,647, kowace allura kuma siririn sifirin ne da ke buƙatar a danne shi daidai gwargwado kafin ya kama. A wannan sabar notunan huɗu ne masu lamba. Ana ɗaure su daga 1 zuwa 4, a kwance daga 4 zuwa 1, da bakin Torx T30, a ƙarfin ɗauri na kusan mita-niyuton 1.4. Na 3 da na 4, na tsakiya, su ke ɗauke da mafi yawan dannin.

Da aka sa sukudireba mai awon ƙarfi a kan na 4, sai ya yi zagaye ɗaya da rabi kafin ya ƙara. Na 3 kuma an ɗaure shi tamau. Aka kwance duka aka ɗaga. Da aka raba furosesa da ƙarfen, man da ake shafawa tsakaninsu ya ba da labarin da kansa: gefe ɗaya ya matse ya yi siriri har ana hango ƙarfe, ɗaya gefen ya yi kauri ya bushe, da shatin da ke nuna bai taɓa bajewa ba. Gefen mai kaurin shi ne na wajen layin B4.

Noti ɗaya ya haifar da alamu biyun. Man da bai baje ba ya hana zafi fita, ga digiri 12. Rashin danni kuma ya bar alluran wannan gefen suna taɓawa sama-sama. A sanyaye taɓawar ta isa, shi ya sa sabar ke ganin gigabait 384 cif a kowane tashi, take kuma cin gwajin kamfani. Da zafi ya hau, ƙarfe da roba da allo kowanne yana buɗewa da nasa gwargwado, sai ɗan dannin da ya rage ya ƙara raguwa. A gudun DDR4-2666 kowane bit yana da ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ya isa a karanta shi. Ƙaramin rauni a mahaɗi ya isa ya sa sifili ya zama ɗaya. Da sakin notin ya fi haka, da layin gaba ɗaya zai ɓace tun a tashi, a ga memori ta ragu da gigabait 32, a gano matsalar rana ɗaya. Ɗan sakin da bai kai ya kawo ba shi ya fi wahalar kamawa.

An duba alluran soket da gilashi, ana haska fitila daga gefe a kwance ana juya ta. Allura mai lanƙwasa takan yi ƙyalli daban da 'yan'uwanta. Duk suna kan layi. Ba a taɓa su da yatsa ko burushi ba, ba a kuma busa musu iska ba. An goge tsohon man da barasar isofurofil mai kashi 99 da ƙyalle mara gashi, aka duba ƙasan furosesa, aka sa sabon mai, aka daidaita alamar kusurwa uku ta furosesa da ta soket, aka saukar da shi a miƙe ba tare da gogawa ba, aka ɗaure 1, 2, 3, 4. An auna notunan furosesa ta ɗaya ma, suna daidai.

Tabbatarwa

Gwajin da ya tayar da cutar shi ne zai shaida warkewa. Awa biyu a kan furosesa ta biyu: zafi ya tsaya a 73, ƙidaya sifili. Sai dai akwai ƙalubale a wannan sakamakon. Kurakuran da sai an haura 78 suke fitowa, yanzu kuma ba a kai 78 ba. Me zai hana a ce mahaɗin yana nan da rauninsa, zafi ne kawai ya ragu? Don rufe wannan ƙofar an rage gudun fankoki ta BMC, ana kallo, har furosesa ta biyu ta zauna a 83 na minti 45. Babu kuskure ko ɗaya. Aka mayar da fankoki hannun BMC.

Daga nan aka yi awa 72 a kan furosesa biyun tare, ana katsewa duk bayan awa shida a kashe sabar ta huce na minti 30, domin mahaɗi mai rauni ya fi tona kansa a hawa da saukar zafi fiye da zafi mai ɗorewa. Da kuskure ya dawo, mataki na gaba shi ne musayar furosesa biyun. In ya bi furosesa, mai kula da memori na cikinta ne. In ya tsaya a B4, allo ne za a canza. Ba a kai ga haka ba.

Sai bayan nan aka canza faifai na shida, aka jira ginin ya kammala, aka sa katin RAID ya yi binciken daidaito a kan dukan haɗin. An duba batirin ma'ajin wucin gadi na katin, domin faɗuwa uku ana tsakiyar rubutu shi suka dogara a kai, aka same shi lafiya. Rumbun bayanan ma ba a ɗauke shi a kan amana ba. Na'urar da ta yi watanni tana juya bit tana iya barin ɓarna a ƙasa, don haka aka bi tsohon kwafin da `pg_checksums --check` yana a kashe, aka bi teburori da fihirisa da pg_amcheck, duka suka fito lafiya. Sabuntawar BIOS da famwayar BMC ta zo a ƙarshe, aka sake gwajin awa biyu a bayanta.

An haɗa agogon BMC da NTP, aka sa ta riƙa tura kundinta zuwa wata na'ura a waje nan take. An bar rasdaemon yana aiki da ƙararrawa a kan duk ƙaruwar ƙidaya, aka kuma ƙara wata a kan tazarar zafi tsakanin furosesa biyun idan ta wuce digiri 6 na minti goma. Sandar farko da aka zare daga B4 an sa ta a wata saba, ta yi awa 48 a ƙarƙashin gwaji iri ɗaya ba kuskure, aka rubuta lambarta aka mayar da ita cikin kayan canji.